Direban da Ke Babi Na Tara

Shagona ƙarami ne: kwamfuta ɗaya, firinta mai cin takarda, da bencin masu jira. Nan wani tsohon Sufeto yake kawo mini littattafansa na 'yan sanda da masu kisa in buga masa, rubutun hannunsa kamar tonon kaza. Na buga uku. Ina son jaruminsa, ɗan sanda maƙaryaci, mai karɓar na goro da safe ya ceci marainiya da yamma. Ina bugawa ina dariya, ina cewa, "Allah ya shirye ka."

A littafi na huɗu, babi na tara, aka kashe wani ɗan kasuwa. Manya suka matsa sai an kama wani, ko wane ne. Jarumin ya ɗauki wuƙar ya cusa ƙarƙashin kujerar direban mamacin. Direban yatsu huɗu gare shi a hannun hagu, yana kiran 'yarsa Kyaftin, don ba ta barin kowa ya zauna gaban mota.

Hannuna ya tsaya cak. Rabon da a kira ni Kyaftin tun ina shekara bakwai. A kurkuku babana ya rasu, yana rantsuwa bai taɓa ganin wuƙar ba.

Da Sufeto ya zo da hantsi, ban nuna masa benci ba.

"Wannan direban fa?" na ce.

Ya dogara da sandarsa. "Kin kai wurin ke nan."

"Ka san ko ni wace ce?"

"Tun ranar farko. Shaguna nawa na wuce kafin naki? Littafi uku na yi ina neman bakin faɗa miki, 'yata."

"Kada ka ƙara ce mini 'yarka."

Ya ce in na ga dama in ƙone littafin, ya juya ya fita.

Ban ƙone ba. Na buga har ƙarshe, ko wasali ban canza ba. Ɗansa ne ya zo karɓa, ya ce tsohon ya cika ranar Talata.

Littafin ya fito, ya karɓu. Ran nan a bas na ji mata biyu suna musu a kan jarumin. Ɗaya ta ce azzalumi ne, ɗaya ta ce bawan Allah, tilasta masa aka yi. Ba wadda ta ambaci direban.

Abin da ya hana ni sukuni babi na sha biyu ne, inda jarumin ya je ƙofar kurkuku, ya tsaya cikin ruwan sama ya kasa shiga. Na yi kuka ina buga shi, kuma har yau ban san wa na yi wa kukan ba.