Wanda Ya Kashe Dakta Zahran

A cikin tiram, jirgin ƙasan cikin gari, Ra'afat el-Gindi ya fara jin maganar a bakin mutanen gari. 'Yan mata biyu ne 'yan makaranta suke tsaye kusa da shi. Ɗaya ta matse hancin ɗayar, ta shaƙe murya ta ce, "Ja numfashi a hankali, yarinya, ba naki ba ne." Suka tuntsire da dariya. Ra'afat ya gyara zaman tabarau, ya tambayi kwandasta lokaci da ƙarfi, da ainihin muryar da yake yi wa Kyaftin Adham. Ko waiwayowa ba su yi ba.

Tun yana saurayi yake wasan kwaikwayo a rediyo, har furfura ta cim masa a bakin makirufo. Shi ya sa lokacin da wata matashiyar marubuciya mai suna Nirmin ta shirya wasan da za a riƙa saurare a waya duk Alhamis, shi ta fara nema. Labarin na wani zamani ne mai zuwa, bayan teku ya cinye birninsu Iskandariya, mutane sun koma zama cikin wani ƙaton ƙoƙon gilashi a ƙasan ruwa. Wani mugu, Dakta Zahran, shi ke riƙe da injinan tace iska. Unguwar da ta bi shi ya buɗe mata, wadda ta ƙi ya rufe. Kyaftin Adham ne jarumin da zai ƙwato wa talakawa numfashinsu.

Ranar da za a fara ɗauka, wanda aka ba matsayin mugun bai zo ba. Ra'afat da kansa ya ɗaga waya ya kira ƙanen matarsa, Shauki, mai walda a wurin ƙera kwale-kwale na unguwar Anfushi, wanda hayaƙin ƙarfe ya daɗe da dusashe masa murya. "Zo ka karanta mana layi kaɗan kafin mu sami ɗan wasa na gaske," in ji shi. Shi ya nuna masa inda zai tsaya, da inda zai yi ƙasa da murya har mai sauraro ya matso da kunne.

Ba a sake neman ɗan wasa na gaske ba.

Kafin rani ya fita, an rubuta maganganun Zahran a bayan tuk-tuk, kekunan haya masu ƙafa uku. Matasa suna zana shi yadda suke zato, dogo, siriri, mai ido ɗaya na ƙarfe, alhali Shauki gajere ne mai tumbi da sanƙo. A ƙarƙashin kowane kashi na wasan mutane suna rubuta ra'ayi, Ra'afat kuma yana bi yana karantawa ɗaya bayan ɗaya yana neman sunansa. Wata ta tambaya ko Dakta yana da aure. Wani ya ce in Zahran ne zai shaƙe shi, ya yarda. Da ƙyar ya tarar da inda aka ambaci Kyaftin: "Wannan tsohon mai wa'azi ya cika surutu, ni wucewa nake yi in ya fara."

Na gida ya fi ci masa rai. Matarsa Ni'imat takan kafa wayar a kan firji tana suyar kifi. Da zarar ƙanenta ya fara magana sai ta rage wuta, ta tsaya da cokali a hannu. In Kyaftin ya shigo sai ta mayar da wutar, mai ya ci gaba da ƙara.

"Ni ne fa nake magana," in ji Ra'afat wata rana daga bakin ƙofa.

"Ai na sani, Baban Hadir. Kai kullum ina jin ka."

'Yarsu Hadir, wadda ke jami'a, ta leƙo sanye da riga mai hoton ido ɗaya na ƙarfe. "Baba, kada ka ji haushi. Kai ma kana ƙoƙari. Amma Kawu in ya yi shiru ɗin nan, wallahi har tsigar jikina tashi take yi."

"Shirun nan ni na koya masa."

"To me ya sa kai ba ka yi?"

Bai ci kifin ba ranar.

Da masu sauraro suka shirya taro a wani gidan shayi na bakin teku, Ra'afat ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya tanadi jawabi. Shauki ya zo kai tsaye daga wurin aiki, da ƙunar walda a hannun riga. Aka yi masa caa. Wata mata ta fashe da kuka, wani saurayi ya roƙe shi ya yi masa barazana a waya don ya sa ta zama ƙarar kira. Shauki sai sosa sanƙo yake yi yana cewa, "Ku yi haƙuri, ni mai walda ne. Ga malamina can." Wani ya bi hannunsa da kallo, ya zo wurin Ra'afat da fara'a, ya miƙa masa waya.

"Hajji, don Allah ɗauke mu da Dakta."

Ya ɗauka. Ya yanke kan Shauki a hoton, da gangan.

Washegari ya sami Nirmin a ɗakin ɗaukar sauti tana cin kushari, haɗin shinkafa da taliya, a roba. Ya zauna ya yi mata dogon bayani a kan tarbiyya: yara suna yabon mutumin da ke hana jarirai iska, gobe me za su zama? Dole mugu ya ga ƙarshensa. Yana magana yana jin kunyar kansa, don ya san ba yaran kowa ne suka dame shi ba. Ya zaci za ta yi gardama. Sai ta ajiye cokali.

"Ustaz, ka san abin da wata ta ce min jiya? Wai na yi sa'a ina zama kusa da mutumin da ke ƙirƙiro irin waɗannan maganganu. Ni da nake kwana ina tashi da kowace kalma! Tambayata ta yi ko ni ce mai kawo masa shayi."

Suka dubi juna. A nan suka yanke shawarar kashe Zahran.

Shauki ya karɓi labarin mutuwarsa da dariya. "Alhamdu lillahi, dama maigidana ya gaji da ba ni izini." A wurin ɗauka, Kyaftin ya kulle Zahran a ɗakin injin ya zuƙe iskar ɗakin. Ra'afat ya zuba jawabin nasara da duk ƙwarewarsa. Shauki kuwa bai yi ihun da aka rubuta masa ba. Numfashi kawai ya riƙa ja, yana gajarta, yana gajarta, sannan ya kira sunan uwarsa ta cikin labarin sau ɗaya, a hankali. Mai haɗa sauti ya cire abin kunnensa ya share ido.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya tarar an kafa rumfar makoki a bakin layinsu, da kujeru a jere da kofi marar sukari, da ƙaton hoton mai ido ɗaya. Da wasa aka fara, amma waɗanda suka zo da baƙaƙen kaya ba dariya suke yi ba. Shauki na zaune a gaba, an tilasta masa karɓar gaisuwar mutuwar kansa. Ra'afat ya so ya raɓe ya wuce, sai mai sayar da lemo ya ce masa sannu, ya amsa.

Wani saurayi ya miƙe zumbur. "Wannan muryar! Shi ne! Kyaftin ne!"

Yau kam an gane shi. "Azzalumi!" "Me ya yi maka?" Wata tsohuwa ta nuna shi da sanda ta ce ko a lahira ba ta yafe ba. Sai da Shauki ya taso ya rungume shi, ya raka shi har ƙofa yana ba mutane haƙuri. Wannan rakiyar ta fi zagin yi masa ciwo.

A gida Ni'imat ta ajiye masa abinci ba ta dube shi ba. "Nirmin ta gaya wa Hadir komai. Ƙanena, Ra'afat? Yaron da ka yi wa waliyyi?"

"Labari ne, Ni'imat. Ga shi can da ransa yana shan kofi."

"To ka ci labarin."

Wasan bai daɗe ba bayan haka. Kyaftin ya buɗe wa kowa iska, masu sauraro suka watse, aka rufe. Sai ga wani kamfani daga Alkahira ya nemi Nirmin ta rubuta sabon wasa a kan ƙuruciyar Zahran, da sunanta a gaba da manyan baƙaƙe, Shauki kuma shi ne tauraro. Babu Kyaftin a ciki. A lokacin labarin ba a ma haife shi ba.

Ana saura kwanaki su tafi, Shauki ya zo da hantsi da takardun wasan a hannu da ledar mangwaro. Ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran likita.

"Yaya, tsoro nake ji. Can manyan 'yan wasa ne. Ni ban san komai ba sai abin da ka nuna min. Ga wani wuri nan, uwarsa ta mutu yana yaro, na karanta har na gaji, ba ya fita."

Ra'afat ya karɓi takardar. Yana gani ya san yadda za a ɓata wurin: a ce masa ya ɗaga murya, ya yi kuka sosai, ya ja kalmomi. Shauki zai yarda, zai je Alkahira ya yi, a yi masa dariya. Ya buɗe baki.

"Karanta in ji," ya ce.

Shauki ya karanta, ya yi sauri, ya haɗiye rabin jimlar. Ra'afat ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Duk abin da ya ƙulla ya warware, don kunnensa ba ya iya jure layin da aka karanta ba daidai ba, ko a bakin wa.

"Kai, tsaya! Jirgi kake bi? Yaro ne, bai san mutuwa ba tukuna. Ba kuka zai yi ba, tambaya zai yi. Sake."

Shauki ya sake. Wannan karon ya fita, ya fita fiye da yadda Ra'afat zai taɓa iya fitar da shi, kuma Ra'afat ya sani. Ya tashi ya buɗe taga, ya tsaya yana kallon shanyar maƙwabta har ya tabbata fuskarsa ta koma daidai.

"Ya yi, Yaya?"

"Da saura," in ji Ra'afat, bai juyo ba. "Buɗe shafi na gaba."