Fuska ta Talatin da Biyu

Talatin da ɗaya. Na sake danna maɓalli, kwamfuta ta sake ba ni talatin da ɗaya, ko kunya babu.

A shagon Baba nake, na ɗora kwamfutar kan akwatin kayan aikinsa, don an ɗauke wuta a gida. Ƙarfe huɗu na yamma Farfesan da ke duba bincikena ke jiran aikina. Ya gaya min ƙiri-ƙiri, in manhajar da na rubuta ba ta ba da amsa daidai ba, babu ni cikin masu kare aikin digiri bana, sai baɗi. Shekara guda sukutum! Ga agogo ya wuce uku.

Aikin kuwa ga shi. Akwai wani sinadari da ƙwayoyin kabon sittin ke haɗuwa su yi keji rufaffe ruf. Manhajata tana gano wace ƙwaya ke riƙe da wace, ta baje kejin a allo kamar taswira, sannan ta ƙirga fuskokinsa. Ko ɗan aji ɗaya ya san amsar: talatin da biyu, ashirin masu kusurwa shida, sha biyu masu kusurwa biyar. Tawa ta kafe kan sha ɗaya masu kusurwa biyar. Ƙwayoyi sittin cif, mahaɗai casa'in cif, amma fuska ɗaya ta yi ɓatan dabo. Haushi ya sa na kai wa akwatin duka.

"Ke Dakta, kar ki fasa min akwati," in ji Baba. Tun ina firamare yake kira na haka.

Baba baduku ne, takalma da jakunkuna yake gyarawa, amma ɗinkin ƙwallo ya fi so. Akwai wani a cinyarsa, saura fata ɗaya ya rufe. Ya leƙo ta saman tabarau.

"Wannan ai ƙwallo ne aka farke."

"Haba Baba, kimiyya ce fa, ba ƙwallo ba."

"To, kimiyyar taki fatunta nawa?"

"Talatin da biyu ya kamata."

"Nawa ma haka."

Kafin in ce wani abu ya kai tsinin basilla gaban allon yana ƙirgawa. "Baba, allon!" Ko kallona bai yi ba har ya kai talatin da ɗaya. Ya sosa gemu.

"Ta ina kika buɗe shi?"

"Na'am?"

"Ƙwallo ba ya shimfiɗuwa sai an buɗe shi ta wani wuri." Ya ɗaga nasa, ya zura yatsu cikin ramin da ya rage. "Ni ta nan nake aiki, fatar wurin nake ɗinkewa ƙarshe. Rami ne yanzu, amma ai gurbin fata ne. Ina taki?"

Na dubi bakin taswirar. Layin da ya kewaye ta duka: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Kai! Fuskar da aka buɗe aka baje kejin ta cikinta ce ta zama filin waje. Wata uku da suka wuce, ni da hannuna na rubuta wa manhajar ta yar da filin waje, wai fanko ne.

Na goge wannan umarnin daga manhajar, na danna. Talatin da biyu! Na gwada keji mai ƙwaya saba'in, ta ba ni talatin da bakwai, daidai wa daida. Ihun da na yi har mai shagon kusa ya leƙo ya ga ko lafiya. Huɗu saura kwata na tura aikin, ba a jima ba Farfesa ya amso: "Madalla. Ki shirya, bana ce."

Daɗi ya kama ni, kunya kuma ta biyo baya. Na durƙusa gaban kujerarsa.

"Baba, ka yafe min. Ƙwallo ne."

Ya yi dariya har tabarau ya zamo masa kan hanci. "Shekara talatin ina wannan ɗinki, ashe kimiyya nake yi ba wanda ya gaya min." Ya miƙo min fatar ƙarshe, mai kusurwa biyar. "Riƙe min nan, Dakta, mu rufe."