Uku Cikin Arba'in da Shida

Injin atisayen bugu ya sake tofo ƙwallo, Dalton Kirby ya kai mata sanda, ta goge gefen sandar ta faɗa cikin raga a bayansa. Ƙarfe takwas na safe ne. Watan Afrilu ya yi nisa, amma sanyin Pennsylvania bai saki ba. Irin wannan bugu kan sa yatsu zugi har cikin ƙashi. Ya dubi hannunsa a cikin safa, bai ji komai ba.

"Ɗaga hannun sama kaɗan," in ji Koci Lunsford, mai koyar da bugu, idonsa a kan kwamfutar hannunsa. Makon jiya cewa ya yi a sauke hannun.

Dalton ya ɗaga. Ƙwallo ta sake wucewa.

Mako uku ke nan da fara kakar besbol ta bana. Sau arba'in da shida ya tsaya bugu, sau uku kacal ya buga ƙwallon da ta kai shi zangon farko, cikin huɗun da ake zagayawa kafin a ci maki. Kowace safiya ana manna takardar lambobin bugun kowa a ƙofar ɗakin sauya kaya, sunansa a can ƙasa. Shekara huɗu da suka wuce shi babbar ƙungiya ta fara zaɓa cikin samarin shekararsa, har aka nuna shi a talabijin yana rungume da mahaifiyarsa a falonsu na Oklahoma. Kowa ya ce shekara biyu zai yi a ƙananan ƙungiyoyi ya haura sama. Ga shi a ta huɗu.

A makon farko ya karya sanda biyu don haushi, abinci ma bai iya ci. A mako na biyu wani abu ya mutu a cikinsa. Tun daga nan yana zuwa, yana sa kaya, yana tsayawa, ana fitar da shi, yana komawa benci, kamar mai bin layi a ofishin da bai san abin da ya kawo shi ba.

"Ɗan Gwal, bar injin nan ya huta mana, shi ma yana da iyali!"

Eduar Montilla ne a bakin raga, da ƙunshin takardar gwangwani a hannu. Shi ne mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu, mutumin Venezuela, shekararsa ashirin da tara, sha ɗaya daga ciki a ƙananan ƙungiyoyi ya yi su. Ɗaki ɗaya ƙungiya ta ba su, kuma shi yake girki. In ya durƙusa gwiwoyinsa kan yi ƙara har na nesa ya ji. Bana kuwa sandarsa ta kama wuta, sunansa ne a saman takardar.

"Ungo, ka fita ba ka ci komai ba." Ya miƙa masa arepa, wainar masararsu, da cuku a ciki.

"Na gode, Tsoho."

"Ka ji labari? Gobe za a turo wani daga ƙungiyar ƙasa. Gurbi ɗaya ake nema."

"Na ji."

"Shi ke nan? Na ji?"

"To me zan ce?"

Eduar ya dube shi, ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya buga masa kafaɗa ya wuce. Dalton ya cinye wainar a tsaye. Ya san da cuku a ciki domin ya gan shi.

Wasan ranar na ƙarfe sha ɗaya ne, irin wanda ake yi wa 'yan makaranta. Motocin bas masu ruwan ɗorawa sun cika filin ajiye mota, yara dubu huɗu suna ihu ba su san wa ke cin wa ba. Ko tsuntsu ya sauka a fili sai su ɗauki sowa.

Tsayawarsa ta farko, jifa uku, ko taɓa ɗaya bai yi ba. Ta biyu, ya taɓa ɗaya ta fita gefe, aka fitar da shi da ta gaba. Ta uku, akwai mutum biyu a zanguna suna jiran bugunsa ya shigo da su su ci maki. Ya ga ƙwallon tana tahowa, ya ga ɗinkin jikinta, ya san ta bugu ce. Kafin sandar ta iso, ƙwallon tana cikin safar mai cafka. Wani mutum a bayan benci, da giya a hannu tun kafin azahar, ya ɗaga murya.

"Kirby! Kakata ta fi ka bugu, kuma bara muka binne ta!"

'Yan benci biyu suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Dalton ya mayar da hularsa ta ƙarfe cikin akwatinta, ya zauna. Maganar ta yi ma'ana, in ji shi a ransa.

Eduar ya buga biyu masu kyau, ya kuma jefa ƙwallo aka fitar da wani da ya so satar zango na biyu da gudu. Suka ci wasan da huɗu da biyu.

A ɗakin sauya kaya an kunna kiɗa, ana ta zolaya, amma kowa yana satar kallon ƙofar manaja. Dalton ya yi wanka, ya sa tufafinsa na gida, ya ɗaure takalmi, ya zauna yana jira. Kabad ɗinsa yana jikin na Eduar, wanda har yanzu yake da ƙanƙara ɗaure a gwiwa yana waƙa da harshensu.

Ƙofar ta buɗe. Manaja Brummett ya leƙo, ya dubi kusurwarsu. Dalton ya miƙe.

"Ba kai ba, ɗana. Montilla, zo minti ɗaya."

Wani ya kashe kiɗan. Eduar ya kwance ƙanƙarar a hankali, ya ajiye ta a kan benci, ya shiga. Dalton ya ci gaba da tsayuwa, don bai tuna ya zauna ba. Ƙanƙarar tana narkewa, tana ɗiga a ƙasa.

Ba a yi minti biyar ba Eduar ya fito. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu. Ya ce wa wani mai jifa ya daina nuna wa duniya abin da zai jefa da gwiwar hannunsa. Ya ce wa wani ya auri yarinyar nan kafin ta gane ko shi wane ne. Aka yi dariya irin ta gidan makoki.

Dalton ya shiga ofishin bai ƙwanƙwasa ba. Manaja yana zaune, ya cire hula, yana murza goshi.

"Manaja, ni ne nake da uku cikin arba'in da tara."

"Na iya ƙirga, Kirby."

"Montilla ne na farko a takarda."

"Yaron da za a turo mai cafka ne, shekararsa ashirin. Daga sama aka bugo waya. Kai kuma an zuba maka ido tun kana sakandare, babu wanda zai tashi a taro ya ce mun yi kuskure saboda mako uku na Afrilu."

"To ni a sallame ni, a bar shi."

Manaja ya ɗago ya dube shi na ɗan lokaci. "Ba a tambaye ni ba, kai ma ba za a tambaye ka ba. Gobe kai ne na biyar a bugu. Rufe mini ƙofa."

Ya fito ya rufe. Ya tsaya yana jira ya ji haushi, ko kunya. Abin da ya ji shi ne ƙamshin sabulu daga banɗaki.

Kayan Eduar na shekara sha ɗaya jaka uku ne, biyu daga ciki kayan wasa. Ya bar wa Dalton kaskon tuya da rabin buhun garin masara. Akwai bas ta ƙarfe biyar zuwa Philadelphia, inda wani ɗan'uwansa yake aikin rufin gidaje. Dalton ya ɗauke shi a motarsa.

Hanya ta bi ta gefen kogi da tsofaffin masana'antu da aka rufe. Eduar yana ta danna waya. Akwai wani da ya sani a gasar Meziko, watakila suna neman mai cafka. Matarsa bai faɗa mata ba tukuna. 'Yarsa Yusmeli za ta cika shida a watan gobe, kuma ta gaya wa duk 'yan ajinsu cewa babanta zai fito a talabijin bana.

"Ka yi haƙuri, Tsoho," in ji Dalton. Ya ji maganar ta fito kamar wani ne ya faɗe ta a rediyo.

"Haƙurin me? Kai ka bugo wayar?"

Suka isa tasha da saura minti ashirin. Dalton ya sauke jakunkunan a gefen titi. Eduar ya tsaya yana kallonsa, hannu a aljihu.

"Tsaya kamar za ka buga."

"A nan?"

"Tsaya mana, wa ya san ka a nan?"

Dalton ya ware ƙafafu, ya ɗaga hannu babu sanda. Eduar ya zagayo, ya taka masa ƙafar gaba da takalminsa.

"Wannan ce. Tana sauka da wuri, kanka yana bin ta, idonka yana bin kan. Kafin ƙwallo ta iso ka riga ka tafi. Lunsford yana ta wasa da hannunka, sama, ƙasa, sama. Hannunka lafiyarsa lau. Riƙe ƙafar nan, ka ƙirga ɗaya, sannan ka sauke."

"Yaushe ka gani?"

"Wasa na uku."

"Na bana?"

"A'a, na zamanin kakanka. Na bana mana. Aikina ke nan, ƙanena. Shekara sha ɗaya ina durƙushe ina kallon ƙafafun mutane."

Dalton ya sauke hannunsa. "Mako uku muna ɗaki ɗaya. Kullum kana ba ni abinci."

"Ina ba ka."

"Me ya hana ka faɗa?"

Eduar ya dubi bas ɗin, direba yana buɗe ma'ajiyar kaya. Ya sosa gemunsa.

"Na san za a sallami wani kafin ƙarshen wata, kullum haka ake yi. Na ce in ni ina sama kai kana ƙasa, ba yadda za a yi su kira ni." Ya yi dariya gajeriya. "Ina da 'ya, Ɗan Gwal. Yau da safe na kusa faɗa maka. Sai na ce bari gobe ta wuce."

Eduar ya jira kaɗan, kamar mai ba Dalton damar zagi ko naushi. Da bai samu ko ɗaya ba, ya rungume shi da hannu ɗaya, ya ɗauki jakunkunansa.

"Garin masarar nan, ruwan ɗumi ake sa masa, ba na zafi ba. Kada ka ɓata mini shi."

Ya hau. Gilasan bas ɗin baƙaƙe ne, Dalton bai ga inda ya zauna ba. Ta ja ta fita, ta bi kwana.

Dalton ya koma wajen motarsa. A tsakanin motarsa da ta kusa akwai ɗan fili. Ya ware ƙafafu, ya ɗaga ta gaba, ya riƙe ta, ya ƙirga ɗaya, ya sauke, ya juya. Jikinsa ya gane abin nan take, tun daga ƙugu har wuyan hannu, yadda yake yi yana ɗan shekara sha bakwai. Gaskiya Tsoho ya faɗa. Gobe zai buga ƙwallo, watakila biyu.

Ya tsaya a haka, hannu a sama, yana sauraren cikinsa. Shiru.

Wata mota ta tsaya a bayansa, wata dattijuwa ta sauke gilashi.

"Samari, fita za ka yi, ko in nemi wani wuri?"

"Fita zan yi, Mama," in ji shi, ya shiga laluben makulli.