Farin Faci a Ginshiƙi na Uku

Argiro ba ta taɓa yarda cewa ƙarya take yi ba. A cewarta, taimaka wa hoto take yi ya kamo shekarun abin da ke cikinsa. Haikalin da ke kan tudun Lithari ya haura shekara dubu biyu, to don me hotonsa zai fito fes kamar tallan man goge haƙori?

Shagonta na bakin dandali, tsakanin mai burodi da kantin magani. Da safe take hawa tudu ta ɗauko hoton ginshiƙai huɗu da suka rage na haikalin, ta dawo ta zauna gaban kwamfuta. Sai ta fara da share wayoyin lantarki, da rumfar tikiti, da Bajamushen nan mai gajeren wando da kullum sai an samu ɗaya ya tsaya inda bai kamata ba. Daga nan ta tsotse launi, ta mayar da hoton ruwan shayi, ta duhunta kusurwoyi. Sabbin shiga sana'ar sukan zuba karce ko'ina kamar kaza ta yi tono. Ita kuwa ta san tsohon hoto yana cinyewa ne a inda yatsa ke riƙe shi, da inda aka ninke shi aka cusa a aljihu. Wani farfesa daga Atina, babban birnin ƙasar, ya taɓa tsayawa a shagon ya yi mata bayanin minti goma a kan Bafaranshen da ya ɗauki wani hoto da ke rataye a wurin, wai tun kafin yaƙi. Ta bar shi ya gama, sannan ta gaya masa ita ta ɗauka ranar Talata. Har yau in ranta ya ɓaci, fuskarsa take tunawa ta samu sauƙi.

A bayan kowane hoto takan rubuta cewa sabo ne aka tsofar da shi. Ba wanda ke juyawa, amma wannan ba laifinta ba ne.

Da bikin watan Agusta ya matso, kwamitin gari ya ce ta yi babban hoto guda ɗaya a rataya a gidan kofin Harilaos. Ta yi aikin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Aka rataya shi daidai saman teburin da mahaifinta ke zama.

Zisis, mahaifin nata, wanda gari ke kira Mastro, wato gwani, magini ne ɗan shekara tamanin da bakwai, kuma labari ɗaya gare shi. Duk garin sun haddace. A shekarar 1961 ginshiƙan nan huɗu kwance suke cikin ciyawa, gunduwa-gunduwa, tun wata girgizar ƙasa da ko kakanni ba su riska ba. Shi da mutum tara, da alfadarai biyu, da igiya da katako suka tsayar da su. Ginshiƙi na uku kuwa akwai gurbi a jikinsa mai girman tunkiya, guntun ya ɓata. Zisis ya yi wata huɗu yana sassaƙa sabuwar marmara, ya zaunar da ita yadda ko bakin wuƙa ba ya shiga tsakani. Aka bar ta fara fat da gangan, domin ƙa'idar aikin ke nan: sabon dutse ba ya shiga rigar tsoho.

Ranar Laraba da hantsi Argiro ta shiga shan kofi, ta tarar da Nondas mai yi wa baƙi jagora ya tara mutum goma sha biyar a gaban hotonta.

"Ku duba da kyau," in ji shi, yana nuni da lemarsa. "Hoton shekara ɗari ke nan. Yadda kuka gan su yau, haka suke tun farko. Girgizar ƙasa ta zo ta wuce, yaƙi ya zo ya wuce, ko gezau."

Baƙi suka yi ta ɗaukar hoton hoto. Da suka fita, Harilaos ya ajiye faranti ya riƙe ƙugu.

"Kai, Mastro! Ashe a tsaye ka same su? Shekara sittin kana ɗaure mu da igiya da alfadarai!"

"Wataƙila jingina ya yi da su, ya ɗauka shi ke riƙe da su," in ji wani daga teburin 'yan karta.

Aka kwashe da dariya. Ba da mugunta ba ne, kowa ya san gaskiya. Amma waɗanda suka gani da idonsu sun ƙare, saura waɗanda suka ji, kuma ga hoto a bango yana faɗin wani abu dabam.

Tsohon ya miƙe a hankali, ya sa tabarau, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya ɗora yatsa a kan ginshiƙi na uku.

"Argiro. Ina facina?"

"Baba, ya yi fari da yawa. Ido na zuwa kansa kai tsaye, yana ɓata hoton."

"Yana ɓata hoton," ya maimaita, kamar mai ɗanɗana miya. Ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar kofinsa rabi.

Kwana uku bai leƙa gidan kofi ba. Mutumin da ko ranar da aka cire masa haƙori sai da ya je.

A rana ta huɗu ta kai masa miyar wake da burodi. Ta same shi a tsakar gida ƙarƙashin inabi, yana wasa kurfin sassaƙar dutse da rabonsa da aiki shekara ashirin.

"Baba, ai na rubuta a baya cewa sabon hoto ne."

"Madalla. To bango ya sani."

"Wasa suke yi maka. Harilaos ne fa, bakinsa ya fi kofinsa zafi."

"Harilaos ba ya damuna, jaki ne tun yana yaro." Ya ajiye kurfin. "Mu goma ne. Na raka tara makabarta. Masanan da suka zo daga birni sun ɗauki hotuna, amma kansu suka ɗauka, mu muna gefe riƙe da igiya. Shaidata ɗaya ce a duniya, tana kan tudu. Na yi wata huɗu a kanta. Ke kin yi minti nawa?"

 Bai kai minti ɗaya ba, kuma a lokacin har ta yaba wa kanta.

A hanyar komawa shago ta yi ta juya maganar. Mayar da facin abu ne mai sauƙi, sai dai shirme zai zama: hoton shekara ɗari ɗauke da dutsen da aka sassaƙa bayan shekara arba'in. Nan ta ga ainihin kuskuren, kuma ya fi na facin muni. Ita da ke taƙama ta san inda yatsa ke cinye takarda, ta share waya, ta share Bajamushe, ta manta ginshiƙan kansu ba su da hurumin tsayawa a wancan zamani. A kan tudun nan ta yi wasa tana yarinya, ta ji labarin sau dubu, shi ya sa ta daina jin sa.

Ta juya ta koma gidan.

"Baba, sa takalminka. Kai ka tsayar da su, zo ka rushe su."

Safiya biyar suka yi a gaban kwamfuta. Ta yanka kowane ginshiƙi gunduwa-gunduwa, shi kuma yana zaune kusa da ita da sandarsa, yana ba da umarni kamar har yanzu akwai mutum tara a ƙarƙashinsa.

"Ba nan ba! Wannan na bakwai ne, ya gangara har bakin katanga, rabinsa a cikin ƙasa."

"Haka?"

"Juya shi. Karyayyen gefen ne ke kallon teku. Wa ya koya miki aiki?"

"Ba kai ba, shi ya sa nake da haƙuri."

Ya tuna komai. Ya tuna ɓauren da ya tsiro tsakanin gunduwa biyu, da dutsen da mata ke shanya tumatir a kai, da akuyoyin wata bazawara da ke kwana a kan na farko. Inda ya wuce gona da iri kuwa ta taka masa burki.

"Sa inuwa a nan," in ji shi.

"Ba zan sa ba. Rana tana hagu."

"Ni na ga wurin, ke ba a ma haife ki ba."

"Ko kai ka gani, rana ba ta fitowa ta gefe biyu. Dutse naka ne, haske nawa ne."

Ya harare ta, ya yi ƙwafa, ya bar mata inuwarta. Da ta gama ta zuba ruwan shayin nan, ta cinye kusurwa ɗaya, ta ja layin ninki a tsakiya, sai ya daɗe yana kallo.

"Akuyar ta yi ƙiba," in ji shi daga baya. "A lokacin ba wanda ke da ƙiba." Ya share tabarau da gefen riga, ya daɗe yana sharewa.

Harilaos ya so ya yi gardama. "Wa zai so ganin tarin duwatsu a kwance yana shan kofi?"

"Kullum kana ganin abokan cinikinka, ba ka mutu ba," in ji Argiro. "Kawo ƙusa biyu."

Hotuna biyu ta rataya. Na hagu, ginshiƙai a ƙasa da akuyoyi a kai, kuma a wannan karon a gaba ta rubuta: an zana shi daga ƙwaƙwalwar Zisis magini. Na dama kuwa na makon jiya ne, da launinsa, ba ta taɓa komai ba. Ga wayoyi, ga rumfar tikiti, ga Bajamushe. Ga faci yana ƙyalli a ginshiƙi na uku. Shi ne hoto na farko da ta fitar a shekara goma sha biyu ba ta tsofar da shi ba, kuma sai da ta danne zuciyarta.

Ranar biki Nondas ya shigo da sababbin baƙi, ya ɗaga lema, ya buɗe baki, ya ga bango ya canja. Wata mata mai faffaɗar hula ta dubi hagu, ta dubi dama.

"To wa ya tsayar da su?"

Harilaos ne ya nuna da haɓa, yana goge kofi. "Ga shi nan zaune. Kada ku tambaye shi in kuna sauri."

Mastro Zisis yana sanye da kwat ɗin zuwa coci. Bai ɗago ba sai da ya shanye kofinsa sarai, ya bar mutum goma sha biyar a tsaye suna jira. Sannan ya gyara murya ya fara, Nondas na fassarawa.

Argiro ta jingina da ƙofa tana saurare, a karon farko cikin shekaru. Ta lura alfadaran sun ragu daga biyu zuwa ɗaya, gurbin kuma ya girma daga tunkiya zuwa maraƙi. Ta bar shi ya ci gaba. Ta san inda ta gaji sana'a.