Abokin Tarayya

"Ɗaga ni, Malam. Ka ji ƙarar motarsu? Ai na gaya maka za su zo."

Na ɗaga shi, bai fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba. Matarsa ta ciro farar rigarsa daga akwati, muka zura masa, wuyansa yana yawo a ciki. Na-Lambu ke nan, maƙwabcina, wanda ciwon hanta ya kwantar tun shigowar rani.

Masu motar 'yan wata ƙungiyar taimakon talakawa ne. Bara suka shigo unguwarmu tare da wani banki da wata makarantar noma. Suka zaɓi filin bayan gidansa, suka kafa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, suka koya masa dashen tumatir a layi. Suka ce ya tuge rogonsa, rogon da bai taɓa roƙon kowa ruwa ba. Ya tuge. Ranar buɗe shirin aka kira shi a lasifika, aka ce ga abokin tarayyarmu.

Kalmar nan ce ta cinye shi. Bai damu da tarayyar ba, abokin ya riƙe. Na ce masa, "Na san irin bakinsu. Ko kujerar ofis abokiyar tarayya suke ce mata." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai Malam, tun da matarka ta rasu littafi kaɗai kake yi wa sallama." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na yi kwanaki ina gaishe shi a tsaye.

Jami'insu ya yi sallama ya shigo. Saurayi ne mai ladabi, ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen katifa.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi tunda na gan ka. Uwar yara, kawo wa abokina ruwa. Ina manyanku?"

"Suna gaishe ka ƙwarai."

"Madalla. Na faɗa wa wannan mai baƙin bakin ba za ku manta da ni ba." Ya nuna matarsa da haɓa. "Ga ta nan. In na tafi, lambun nan ne abincinta. Amana ce na bar muku."

Saurayin ya shanye ruwan sarai, yana kallon cikin kofi. Sai na ji ƙarfe yana dukan ƙarfe a bayan gida. Na leƙa ta taga. Mutum biyu ne da sifana, suna kwance injin, har sun jingine faifan hasken rana a jikin mota.

Na jawo saurayin bakin ƙofa. "Ɗana, me ake yi a can?"

"Zangon unguwar nan ya kammala, Malam. Za a kai shi inda ba su amfana ba tukuna. Baba ai an yaye shi."

"An yaye shi?"

"Haka muke cewa. Wato ya tsaya da ƙafarsa."

Na waiwaya na dubi ƙafafun. Sun kumbura sun yi sulɓi, ko silifa ba sa shiga.

"Malam," Na-Lambu ya kira, "wane bugu nake ji?"

Matarsa ta kafe ni da ido. Saurayin yana neman takalminsa.

"Gyara suke yi," na ce.

Ya daɗe yana kallona. Bugun ya tsaya, aka ji an ja wani abu mai nauyi a ƙasa, aka rufe bayan mota.

"Duk karatun nan naka," in ji shi, "ashe ko ƙarya ba ka iya ba." Ya juya wajen matarsa. "Cire mini rigar nan, zafi nake ji."

Bai sake tambayar motar ba. Kafin sati ya zagayo Na-Lambu ya cika, da hantsi, fuskarsa tana kallon bango. Ƙungiyar ta turo saƙon ta'aziyya mai kyawun tsari ta waya, ni aka ba na karanta wa mutane. Na karanta da murya mai daɗi, don aikina ne.

Yanzu kullum da safe nakan hango matarsa daga tagata, tana ɗauko ruwa a bokiti daga famfon bakin titi. Takan tsuguna ta zuba wa kowane gindin tumatir da kofi. Layin farko kore shar yake. Na biyu ma da sauran rai har wajen rabinsa.