Ƙaguwar Meshak

Shekara guda bayan an gama yaƙi, wani soja mai suna Dogara ya sauka daga jirgin ƙasa a Kafanchan ya miƙa wa Malam Gilbert gwangwanin taba. A ciki akwai busasshiyar ƙaguwa, idanunta a kan dogayen tsinkaye kamar ashana. Ya ce Meshak, ƙanen Gilbert, shi ya kama ta a bakin teku don yayansa mai koyar da ilimin halittu, kuma a wurin aka binne Meshak ɗin bayan ya mutu a yaƙin. Dogara ba ya nan ranar da aka binne shi, sunan wurin ma bai sani ba.

Mahaifiyarsu Lai'atu ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta tambaya: ɗanta cikin yashi yake kwance ko cikin laka?

Gilbert, mutumin da bai taɓa ganin teku ba amma yake koyar da shi da ƙarfin hali, ya kwashi ƙaguwar zuwa makaranta ya buɗe littafi. Masu dogon ido iri biyu ya samu a gaɓar tekun ƙasarmu. Ta yashi tana da tukkun gashi a kan ido, ta laka kuwa hannunta ɗaya ƙato ne, ɗayan ɗan mitsitsi. Ya ɗora gilashin ƙara girma yana neman gashin nan, yana addu'a a ransa, don ba ya son ya ce wa tsohuwa ɗanta yana cikin caɓi. Babu gashi ko ɗaya. Ƙaton hannun kuwa ko makaho ya shafa ya ji shi.

Ya so ya yi mata ƙarya, har ya shirya ta a hanya. Da ya tarar da ita tana shanya citta a tsakar gida, sai bakinsa ya ƙi.

"Mama, laka ce."

Ta tsaya da aikin. "Kamar na fadama namu?"

"Kusan haka. Baƙa, mai danƙo."

Lai'atu ta zauna a kan turmi ta yi ajiyar zuciya. Ashe tun zuwan Dogara tsoronta yashi ne, don ta sha ganin ruwa ya kwashe abin da aka binne a bakin rafi.

"Godiya ga Ubangiji," ta ce. "Laka yana riƙe abu. Ranar tashin matattu za a same shi."

Sai a lokacin ta yi kuka.