Amshin Mailafiya

Waƙa ta wa ce, ta wanda ya rera ta ko ta wanda ya kwana ya tashi da ita a bakinsa? Ilu tela bai samu amsa ba har suka iso filin makarantar firamare a Gwammaja, inda ake bikin rantsar da sabon kansila. Tun daga Mandawari yake jan ƙafa a bayan abokinsa Abdulbaqi.

Ba don kansila ya rufe shago ba. Don Mailafiya mai gurmi ya zo. A zamanin soja kaset ɗin mutumin nan ne abokin hirarsa, a ƙarƙashin keken ɗinki, murya ƙasa-ƙasa. Waƙa guda ce ta kai Mailafiya gidan yari, Ilu kuwa ya haddace ta kamar karatun allo: "Dare ya yi tsawo, talaka kar ka yi barci." Bai taɓa ganinsa ido da ido ba.

Bayan la'asar aka fito da shi. Ashe ɗan tsoho ne, sabuwar shaddar da aka ɗinka masa ta yi masa yawa, 'yan amshi uku a bayansa. Yana taɓa tsirkiya Ilu ya gane. Kiɗan nan ne, babu abin da ya sake. Sai 'yan amshi suka ɗauka:

"Dare ya yi tsawo, Ɗanbaba ne fitilarmu."

Ɗanbaba shi ne kansilan, wani dillalin filaye da ya hakimce a kujerar gaba yana gyara hula.

"Amsa mana, Malam Ilu," in ji Abdulbaqi yana zungurinsa. "Kai da ka ishe mu da ita a shago."

"Ba wannan ba ce."

"Haba! Soja sun koma bariki, wa kake so ya zaga? Ni?"

"Ya yi shiru mana. Shiru haramun ne?"

"Shiru ba ya ɗora tukunya."

"Wallahi ba zan amsa ba."

"To, ka dai rantse."

Ana cikin haka wata akori-kura ta tsaya a bakin ƙofa da buhunan shinkafar rabo. Filin ya watse kamar an yi shara. Biyu daga cikin 'yan amshin suka sulale. Na ukun ya dubi maigidansa, ya dubi motar, ya bi sahu.

Ilu ya san abin da yawancin mutane ba su kula da shi ba: a cikin amshi mawaƙi yake numfashi. A kaset ma, in ya kasa kunne, yakan ji Mailafiya yana jan iska a ƙarƙashin muryoyin yaransa.

Tsohon ya kai ƙarshen baiti, ya jira. Gurmi kaɗai ke magana. Ya gwada amsa wa kansa, tari ya sarƙe shi. Kansila ya dubi agogo, ya raɗa wa na kusa da shi magana, yana nuna wani matashi mai fiyano da ke jiran a ba shi fili. Wani ƙato ya tashi ya nufi abin magana don ya ɗauke shi.

Mailafiya ya sake jan baitin, jijiyoyin wuyansa sun fito. Idonsa na yawo a kan kujerun da babu kowa, ba ya neman wani takamaimai.

Ilu ya dubi tsohon. Da wannan muryar ya yi ɗinkin sallah da yawa, da ita ya yi zaman makokin mahaifinsa. In ya amsa da tsohon amshi, kansila zai tashi, tsohon ya koma gida hannu rabbana.

Ya matsa gaba, ya buɗe baki:

"Dare ya yi tsawo, Ɗanbaba ne fitilarmu."

Ƙaton ya tsaya. Mailafiya ya ja numfashi mai tsawo, bai ko waiwayo ba, ya shiga baiti na gaba.

"Kaffara ta hau ka, Malam," in ji Abdulbaqi a hankali.

"Na sani."

Baitin ya zo ƙarshe. Ilu ya sake amsawa.